Fetur a Bayan Katanga

Unguwar Dosa, Kaduna.

Zuwa ga Yayan su Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya sauke ka Legas lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a kan kayanka da na goge, alhali ƙofar ɗakinka tana kallon tawa. Ba sai na yi dogon bayani ba. Kai ne ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kama shi da bakina ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, haka ma Babanku. Haka aka raine mu a Katsina, tsufa kuma ya zo bai tarar mun sake hali ba. Da can wannan bai dame mu ba, domin akwai Iya, kakarka. In muna da magana mu gaya mata, ita kuma ta kira ka ɗakinta ta fara da tsokana, "Zo nan, mijin banza, marowaci," kafin ka gama dariya ta cusa maka saƙon. In kai ne da magana, ta wurinta take iso mu. Iya ta rasu da daminar bara, ta bar ni da kai da Babanku a gida ɗaya, kowa da magana a baki, ba mai kai ta. Tunda na shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, bari yau in mori abina.

Ranar da kuka yi gardamar nan a ƙofar gida bayan la'asar, ina bayan ƙyauren zaure ina tsintar shinkafa, kuma ba abin da ya wuce kunnena. Rediyo ya ce ana zargin Turawan Afirka ta Kudu, masu mulkin wariyar launin fata, suna haɗa makamin ƙare-dangi, har an hango sun haƙa rami a hamada domin gwada shi. Malam Garba, abokin Babanku na reluwe, ya ce cika baki ne kawai, su ma tsoron abin suke ji. Babanku ya ce a matse su ta hanyar ciniki, duk kamfanin da ke hulɗa da su kada ya ga man ƙasar nan, a taimaki baƙaƙen can da karatu da kayan aiki, a kuma kai ƙara gaban manyan ƙasashe. Kai kuwa ka ce duk wannan ɓata lokaci ne, ƙasashen Afirka su haɗa soja da jirage su rushe wurin tun ba a gama ba, in hakan ya gagara mu ma mu haɗa namu, tunda Allah Ya hore mana kuɗin mai.

Babanku ya tambaye ka, "Da wane jirgin za ka je can ka dawo?"

Ka ce, "Baba, irin wannan haƙurin naku ne ya sa Bature ya zo da soja ƙalilan ya cinye ƙasar nan. Tsoro ne kuke naɗa wa rawani kuna kiransa hikima."

Ya ce, "To, madalla." Ya naɗe buzunsa ya shigo gida. A gaban abokansa ka faɗi wannan, kuma tun daga ranar kuna sallar asuba a sahu ɗaya, kuna dawowa kowa ta tasa hanya. Ga jirgin ƙasan da zai kai ka Legas ran Asabar. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, kada ka bar garin nan ba tare da ya sa maka albarka ba.

Ban rubuto don in ce ra'ayinka na banza ne ba. Ka yi karatun da ban yi ba, ga shi za ka kama aiki a ma'aikatar harkokin waje, inda wata rana wani babba zai karanta abin da ka rubuta ya yanke hukunci a kai. Ni ban san yadda ake haɗa bam ba, ban san nisan da jirgin yaƙi ke iya yi ba. Abin da na sani ɗaya ne, na taɓa zama katanga ɗaya da mutumin da ba ya ƙaunata, wanda ya tara abin da zai iya ƙone mu gaba ɗaya. Ka san an yi gobara a tsohon gidanmu na Unguwar Shanu lokacin yaƙin basasa, kana makarantar kwana a Zariya. Abin da ba ka sani ba shi ne hanyar da muka bi har muka kai ga wutar, kuma yawancin hanyar da ƙafata aka taka ta.

Maƙwabcin namu Ɗanjuma ne, direban babbar mota, mutumin Zamfara, da matarsa Ladi mai ƙosai. Mutum ne mai zafin kai da raina mutane, wannan ba ƙari na yi masa ba. Rigimarmu ta fara ne a kan indararon zaurensa, wanda ya karkato yana zubo ruwa a gindin katangarmu. Na yi magana, ya ce in katangar ta gaji ta faɗi. Na fusata na ƙulla gaba da gidan baki ɗaya. Ladi ta saba shigowa da safe da tsingaronta ɗiban wuta, in tata ta mutu cikin dare. Washegari ta yi sallama, na ce mata tawa ma ta mutu, alhali tana ganin hayaƙi. Ba ta sake zuwa ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin Ladi ba ita ta kafa indararo ba. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, ba wuta kaɗai ake ɗiba a irin wannan zuwan ba. A 'yar tsayuwar nan ake jin wa ya kwana da zazzaɓi, wa mijinta ya yi tafiya, me aka shigo da shi gida jiya. Da na hana ta garwashi, kaina na toshe wa kunne.

To ga shawarata ta farko. Ban ce a buɗe ofishin jakada a wurin azzalumai ba, ni ma ba na son a gaisa da su. Amma a kowane gidan azzalumi akwai Ladi. In ka zauna a teburinka, kada fushin mai gida ya sa ka rufe wa mutanen cikin gidan ƙofa, domin su ne za su fara jin warin abin da ake dafawa, kuma su ne kaɗai za su iya gaya maka gaskiyarsa.

Da yaƙi ya yi nisa, fetur ya yi wuya a gari. Ɗanjuma ya fara shigo da gangunan ƙarfe, irin waɗanda ake kira duro, yana jibgewa a zaurensa yana sayarwa galan-galan. Hancina ne ya fara gaya mini, daga baya mai ga-ruwa ya tabbatar. Nawa ne, ban sani ba. Wani ya ce biyu, wata ta ce sun cika zauren har rufi. Makonni na yi ina jin warin ban ce komai ba, ina cewa a raina ai ba zai daɗe ba, shi ma yana son ransa. Wannan kuskure ne, kuma a nan ra'ayinka yake da gaskiya a kan na Malam Garba. Da tun duro na farko muka tara maƙwabta muka je masa, da abin ya zo da sauƙi, domin lokacin bai ɗanɗana ribar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda ya ce maka a ƙyale mugu don shi ma yana tsoron abin da ke hannunsa, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin mai kwaɗayi yana lissafin gobara.

Da na dami Babanku, ya bi hanyar da ya saba, ta ma'aikacin gwamnati. Ya sa babbar riga ya je wurin mai unguwa ya kai ƙara. Mai unguwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce lalle wannan ganganci ne, za a duba. Muka zauna jira. Daga baya na ga babur ɗin mai unguwar a ƙofar Ɗanjuma, ana ɗura masa mai da bututu. Babanku bai yi laifi da ya kai ƙara ba, laifinmu shi ne muka kai muka dawo muka miƙe ƙafa. Saboda haka in kun kai kukanku gaban manyan ƙasashe, ku kai, amma ka fara bincika inda alƙalin yake shan mansa. Wannan ko Babanku ba zai musa ba, don shi ma bai sake gaishe da mai unguwar nan da fara'a ba har muka tashi.

Daga nan haƙurina ya ƙare, na yi abin da ya fi na baya muni. Na yafa mayafi na tsaya a ƙofar Ɗanjuma da rana tsaka, mutane suna layin mai, na ɗaga murya na ce in bai kwashe gangunan nan ba kafin gobe, zan kawo 'yan sanda su kwashe har da shi. Ba ni da ɗan sanda ko ɗaya, ko na maƙwabta. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malama, ki koma aji, yara na jiranki." Gobe ta zo ta wuce, ba abin da ya faru, sai ɗaya. Ya kwashe gangunan daga zaure, inda kowa ke ganinsu, ya mirgina su can cikin gida ya jera a jikin katangarmu, ya rufe da tamfol. Da a bakin titi suke, yanzu sun dawo bayan ɗakin da su Binta suke kwana. Ka riƙe wannan da kyau, kada ka rubuta wa gwamnatinka barazanar da ba ta iya cikawa. Ran da ka cika baki ka kasa, abokin gaba ya san iyakarka, kuma ya ɓoye abinsa inda idonka ba ya kai.

Yanzu ga wanda ya shafi zancenka na mu ma mu haɗa namu. Ni ma na yi wannan tunanin, da irin kayan da nake da su. Na ɗauke duwatsun murhuna daga madafa na kafa su a gindin katangar, daidai saitin gangunan. Na hura wuta har harshenta yana lasar bango, na ɗaga murya yadda za a ji a can na ce, tunda ƙonewa ake so, to mu ƙone tare. A ganina in ya san ni ma ina iya tashin gidansa, zai shiga taitayinsa. Ya ji tsoro kuwa, na ji shi yana zagi yana watsa wa bangon ruwa ta can. Amma bai kwashe ko ɗaya ba, ni kuma na kasa cin tuwon da na tuƙa a wurin. Gida biyu muka zauna kowa yana sauraron numfashin ɗan'uwansa. Iya ce ta kawo ƙarshen abin. Ta fito da tulu ta juye shi a kan wutar, ta ce, "Ke, in kin gaji da duniya ki tafi ke kaɗai. Jikokina ne a ɗakin nan." Na kwashe duwatsuna.

Ba zan ce maka tsoratar da mugu ba ya aiki ba, na ga ya yi aiki a kan Ɗanjuma. Amma zaman da aka yi a kwanakin nan ba zama ba ne, kuma iska kaɗan ce ta rage ta yanke mana hukunci mu duka. Kafin ka ce ƙasarka ta ajiye irin wannan abu, ka tambayi kanka wa zai riƙe ashanar. Ka ga sau nawa mulki ya sake hannu a ƙasar nan tun kana yaro. Ba kullum ba ne za a sami tsohuwa da tulu a kusa.

Saura guda ɗaya, shi ne babba. Wata safiya ina shanya, sai na ji ana kirana ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai na ga Ladi ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga. Ta ce, "Malama, don Allah ki saurara min. Wallahi ni ma abin ga ya hana ni kwana, ɗiyata gab da su take rarrafe. Mai gida shina tahiya Gusau ran Jumma'a. Na yi magana da wansa, ya ce za shi zo da mota ya kwashe su in ya tahi. Ki ba ni kwanakin ga."

Na ce mata, "Yanzu kika san da ni?" Na juya na ci gaba da shanyata.

Ban yarda da ita ba, na ɗauka dabara ce ta mijinta don in yi shiru. Amma na ɗauki abu ɗaya daga maganarta, wato ran Jumma'a Ɗanjuma ba ya gari. Na aika aka kira mini kawunka Sule, wanda a lokacin yake lodi a tashar mota, ƙarfi kamar ya yi magana. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Yaya, ki bar min. Mu mirgina su waje kawai, in ya dawo ya same su a bakin titi." Babanku ya ji ƙishin-ƙishin ya ce kada a kuskura, gidan mutum ba a shigarsa da ƙarfi, kuma fetur ba buhun gero ba ne. Na ce to. Na jira ya tafi ofis.

Da hantsi Sule ya zo da abokan aikinsa suka faɗa gidan ko sallama babu. Ladi tana tsakar gida tana suyar ƙosai. Ina jin muryarta ta kan katanga tana cewa, "Ku bari in kashe wuta! Don Allah ku bari in kashe wuta!" Su kuwa sauri suke yi kada unguwa ta taru. Suka kwantar da gangunan suka fara mirginawa. Ɗaya murfinta bai ɗauru ba. Man ya malalo ya bi gangaren tsakar gida, gangaren kuwa wajen murhu ya nufa.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, ɗakunan Ɗanjuma sun tafi, madafarmu da rufin ɗakin Iya, inda su Binta suke kwana, sun bi su. Sule ya tsira da ƙunar ƙafa da 'yan kwanaki a hannun hukuma. Ladi ta shiga cikin wutar ta ɗauko 'yarta, yarinyar ko ƙwarzane babu, amma hannun Ladi na dama, wanda take juya ƙosai da shi, bai sake miƙewa ba. Motar wan mijinta ta iso bayan an sauko daga masallaci, kamar yadda ta faɗa. Da na je duba ta a asibiti, na zauna a bakin gadonta. Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Malama, da kin bari har azahar." Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi kuwa Ɗanjuma, wanda dominsa aka yi duk wannan, ya tashi ya koma wajen unguwar Abakpa, kafin shekara ta zagayo ya ci gaba da sayar da fetur. Gangunansa muka ƙone, ba mu ƙone sanin hanyar samo su ba.

Ban ce maka da mun jira komai zai yi daidai ba. Wataƙila da wansa ya kwashe, mako na zagayowa ya kawo sababbi, wata rana wuta ta tashi kowa yana barci a yi asarar rayuka. Na juya wannan a raina shekara da shekaru ban sami amsa ba, kuma ba na jin kai ma za ka samu a littafi. Abin da na tabbatar shi ne, na tura ƙarfi cikin gida ban tambayi wanda ke tsakar gidan ba. Waɗanda kake so a 'yanta a ƙasar can, su ne ke haƙa ramin, su ke share ofishin, su ke kwana a bukkokin da ke kusa. In jiragenka suka sauke abin da suka ɗauko, ba a kan mai gida zai fara sauka ba. Ban hana ka cewa a yi yaƙi ba, akwai ranar da ba makawa sai an yi. Amma kafin ka rubuta, ka nemi mutanen cikin gidan ka ji me suke shiryawa, kuma in sun ce a ba su lokaci, kada ka ɗauki maganarsu ka mai da ita ranar kai hari.

Yanzu bari in zo kan kalmar da ka jefi Babanku da ita. Da Ɗanjuma ya dawo daga Gusau ya tarar da toka, ya zaro adda ya nufo gidanmu yana kiran sunan Sule. Mazan unguwa kowa ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Babanku, wanda ya hana a yi abin, wanda na jira ya fita sannan na yi, ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ya zauna ya tare ƙofa, ko sanda babu a hannunsa. Ya ce, "Ɗanjuma, laifin gidana ne, ni ne kuma mai gidan. Ga ni." Ɗanjuma ya daɗe tsaye a kansa yana huci, sannan ya sauke hannu ya juya. Babanku bai taɓa ba wa kowa wannan labari ba, bai kuma taɓa ce mini ai na gaya miki ba. In ka ji yana cewa a bi a hankali, hannun Ladi yake gani. Kana iya cewa ya yi kuskure a lissafi, shi ma ɗan Adam ne, amma tsoro ba ya cikin abin da za ka zarge shi da shi.

Akwai kuma abin da ke faruwa a ƙofar gidan nan tun da ka daina zama. Washegarin gardamarku, Malam Garba ya ga ba ka nan ya sami baki. Ya ce yaran yanzu boko ya kumbura musu kai, ba su san komai ba sai surutu, wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba shi ne zai kai yaƙi ƙarshen duniya. Ya zaci daɗaɗa wa abokinsa yake yi. Sai na ji Babanku ya gyara murya ya ce, "Garba, kai ne ba ka fahimta ba. In aka bari mutanen nan suka gama, wa zai sake ce musu kanzil? Yaron nan ya hango abin da ba ka hango ba." Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, shi ne mai cewa a kai hari. Har taswirar makarantar Binta ya ɗauka ya fita da ita, yana aunawa da tsinken tsintsiya, yana nuna musu ƙasashen da jirage za su sauka su sha mai. Malam Garba ya ce masa ya zauce, jiya ma bai zo ba. In ya shigo gida kuwa, sai ya ajiye taswirar ya ce mini, "Ko kusa ba zai yiwu ba. Ko kusa." Gobe kuma ya sake ɗaukarta ya fita.

Wannan ita ce iyakar hanyar da ya iya ta cewa kai nasa ne. Ba zai kira ka ba, kada ma ka jira. Kai ne za ka je.

Ka je da safe, bayan ya sha koko, kafin ya sa hula. Ka tuɓe takalmi ka durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ba sai ka janye ra'ayinka ba, shi ma ba ya son ɗan da ke sake magana don an ɓata masa fuska. Kalmar tsoro kaɗai za ka janye. Ka ce, "Baba, na yi kuskuren lafazi a gaban mutane, a yafe mini." Ba zai dube ka ba. Wataƙila ya tambaye ka ƙarfe nawa jirgi yake tashi, alhali ya fi ka sani. Ka amsa, ka ci gaba da durƙuso, kada ka yi saurin tashi. Albarkar tana zuwa a ƙarshe, ƙasa-ƙasa, kamar da bango yake magana. Dattijon nan ya ɓata da abokinsa na shekara da shekaru a kan ra'ayin da bai yarda da shi ba ko kaɗan, don kawai kada a raina ka a bayan idonka. Kada ka hau jirgi ka bar shi da taswira da tsinke shi kaɗai.

Na sa maka yaji da kuka da daddawa a ƙasan akwati, ka kula kada su shiga fararen kayanka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka rage gardama da na gaba da kai a ofis har sai ka san wurin zamanka. In za ka rubuto, ka rubuto da sunan Binta, za ta karanta da ƙarfi a tsakar gida kowa ya ji.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Allah Ya ba ka basira a aikinka, Ya hana hannunka rubuta abin da zai cuci marar laifi. Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na can sauƙi, Ya karya azzalumai ta inda ba su zata ba. Ni na yafe maka duniya da lahira. Allah Ya nuna mini ƙeyarka a ƙofar ɗakin Babanku kafin in ga fitarta daga gidan nan. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.